BA NI GISHIRI IN BA KA MANDA

Maganata a kan noma ce, da yadda muke sayar da abin da muka noma, da yadda muke taimakon juna da shi. Na sani da jin kalmar noma waɗansu ɗalibai za su juya shafi su tafi neman hotunan 'yan ƙwallo da na 'yan aji shida. Ina roƙonku ku ɗan dakata, gama maganar ta shafi tuwon da kuke ci a ɗakin cin abinci, ta kuma shafi kuɗin makarantar da iyayenku suke shan wahala kafin su biya.

ABIN DA ƘARANCIN KUƊI YA KOYA MANA

A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwa cewa zai sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000. Aka sa ranar 31 ga Janairu 2023 ta zama ranar daina karɓar tsofaffin, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin kuɗi suka shige banki, sababbin kuwa ba su fito yadda za su ishi jama'a ba. Dukanmu shaidu ne. Mai albashi yana da kuɗi a asusu, amma ba shi da na sayen gishiri. Mutane suka riƙa yini a layin banki, har ana sayen naira da naira. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin, sa'an nan abin ya soma lafawa sannu a hankali.

A cikin makonnin nan na lura da wani abu a unguwarmu. Gidan da yake da hatsi a rumbu bai kwana da yunwa ba. Wata uwa daga cikin zumuntar mata ta aiko jikanta gidanmu da daddawa da kuka, ta ce a auna mata masara. Aka auna mata mudu biyu. Mai gyaran keke ya liƙe mini taya, na biya shi da ƙwai. Mai injin niƙa ya koma ɗibar ladansa daga cikin hatsin da aka kawo masa. Ba wanda ya kira taro, ba wanda ya koya wa kowa. Tsohuwar hanyar kakanninmu ce ta tashi daga barci sa'ad da sabuwar ta toshe.

Da kuɗi suka dawo hannu sai muka manta. Amma ba a daɗe ba, ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, farashinsa ya ninka fiye da sau biyu, kuɗin mota ya bi shi, kayan abinci suka bi kuɗin mota. A watan Yuni na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Abin mamaki, manomin da ya noma abincin yana cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Saboda haka ra'ayina shi ne, ya kamata makarantarmu da ikilisiyoyin da ke kewaye da ita mu riƙe abubuwa uku da gangan, kada mu jira sai wahala ta tilasta mana. Mu ciyar da gonakinmu da abin da ke hannunmu. Mu sayar wa juna amfanin gona hannu da hannu. Inda kuɗi ya gaza kuma, mu yi musaya cikin gaskiya. Zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

NA FARKO: GONA TANA CI KAMAR MAI ITA

Yawancin iyayenmu ƙananan manoma ne. Gonar gado ce, ana raba ta tsakanin 'ya'ya, kullum tana ƙara ƙanƙancewa. Dā akan bar gona ta huta shekara da shekaru, a koma wata. Yanzu babu inda za a koma. Tun daga shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da Juyin Noma na 1980 aka saba mana da takin zamani mai rahusa, har muka ɗauka shi ne noma. Yau rahusar ta tafi, sabon ya zauna. A 2022, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, farashin taki ya tashi a duniya duka, manomin da bai taɓa jin sunan ƙasashen nan ba ya ji a aljihunsa.

Ban ce takin zamani mugun abu ne ba. Yana ciyar da shuka a shekarar da aka zuba shi. Abin da ba ya yi shi ne gyaran jikin ƙasa. Ƙasar da ba ta samun ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi takan bushe ta yi tauri, ba ta riƙe ruwa, takin da aka sayo da tsada ma ruwan sama ya wanke shi. Ga shi kuwa kowace shekara muna cinna wa karan gona da ciyawa wuta, wato muna ƙona abincin gonar da hannunmu.

Manoman kewayen birnin Kano sun yi ɗaruruwan shekaru suna noma gona ɗaya kowace damina ba hutu. Asirinsu shi ne taki. Da rani jakuna suna fita daga birni da mangaloli cike da shara da toka da kashin awaki. Suna shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, su ɗebe harawa su ba dabbobi, dabbobi su mayar musu da taki. Wake da gyaɗa da waken soya suna da ƙananan ƙulluka a saiwarsu inda waɗansu ƙwayoyin halitta suke jawo sinadarin da ke cikin iska su mai da shi abincin shuka, irin wanda muke saye a buhun yuriya. Shi ya sa masarar da ta biyo bayan waken soya takan fi kyau, waɗansu irin waken soyan ma suna rage ƙuduji a gona.

Akwai wani misali da ya kamata kowane ɗan makarantar mishan ya sani. A ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wani ma'aikacin mishan na SIM, mutumin Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma suke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare tun dā, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya soma roƙon manoma su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture su bar su, su datse sauran. Da fari an yi masa dariya, gama a ganin mutane gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal. Amma waɗanda suka gwada suka sami itacen wuta da abincin dabbobi, iska ta daina binne musu shuka da yashi. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta duniya tare da Yacouba Sawadogo, wani manomin Burkina Faso wanda ya raya mataccen fili ta wurin haƙa ƙananan ramuka yana zuba taki a ciki kafin saukar ruwa. Kayan aikin mutanen nan biyu adda ce da fartanya.

Cikin itatuwan da suka dawo akwai gawo, wanda yake zubar da ganyensa da damina, ya yi kore da rani. Ba ya yi wa shuka inuwa a lokacin da take bukatar rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne, 'ya'yansa abincin awaki ne. Wanda ya sare gawo a gonarsa ya kori ma'aikacin da ba ya karɓar lada.

Mu dubi makarantarmu. Kowace rana madafa tana fitar da toka da ɓawon doya da ragowar ganye. Kowace safiya ɗalibai suna share ganyen mangwaro su tara su ƙona. Da za a haƙa rami uku a bayan madafa, a riƙa jera ciyawa da ganye, a bi da kashin kaji ko na awaki, a barbaɗa toka, a yayyafa ruwa, a juya shi bayan kowane mako biyu ko uku, cikin wata biyu zuwa uku da mun sami baƙin taki mai laushi ba da ko kwabo ba. Ɗan takin zamanin da muka iya saye kuma, maimakon a watsa shi ko'ina, a zuba cikin murfin kwalba a gindin kowace shuka a rufe da ƙasa, kamar yadda masu bincike suka gwada a Nijar aka ga amfaninsa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Har wa yau, kada a zuba dukan ƙarfi a kan abu ɗaya. A 2016 wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a jihohin Kano da Kaduna. A 2023 cuta ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna, iyalai da yawa da suka dogara gare ta kaɗai suka tashi hannu wofi. Wanda yake da ɗan masara, da ɗan wake, da rogo, da kaji, da akuya biyu, in ɗaya ya fāɗi ɗaya zai tashe shi.

NA BIYU: TAFIYAR BUHUN MASARA

Bari in ba ku labarin wani buhun masara. Sa'ad da nake ɗalibi, kowane ƙarshen Disamba mahaifina yakan buɗe rumbu ya cika buhuna domin kuɗin makarantata na zango na biyu. Lokacin kuwa kowa ya girbe, kowa yana neman kuɗin Kirsimeti da na makaranta, kasuwa ta cika da hatsi, farashi yana ƙasa. Zai biya kuɗin mota, ya biya 'yan dako, ya biya kuɗin shiga kasuwa, dillali ya ci ladansa. Ɗan sari ya saya ya kai ɗakin ajiya ya kulle. Can wajen Yuni da Yuli, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, sai mai kawo wa makaranta abinci ya je ya sayo masarar nan da tsada, ya ɗora ribarsa, ya kawo madafa. Makaranta ta ga kuɗin abinci ya ƙaru, ta ƙara kuɗin makaranta. Mahaifina ya ƙara buɗe rumbu.

Ku lura da kyau. Mai yiwuwa masarar da na ci a makaranta ita ce wadda aka noma a bayan gidanmu. Ta yi tafiya ta dawo, kowa ya ci a jikinta, ban da wanda ya noma ta da wanda aka noma ta dominsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ban ce 'yan kasuwa azzalumai ne ba. In ba dominsu ba, wa zai kai tumatirin arewa kasuwar Mile 12 a Legas, wa zai tara hatsi a kasuwar Dawanau a rarraba shi har ƙasashen maƙwabta? Suna sa jarinsu, suna yin hasara a waɗansu shekaru, kamar yadda masu ajiyar hatsi suka gani a 2025 da farashi ya sauko. Abincin da zai yi tafiya mai nisa yana bukatarsu. Tambayata ita ce, me ya sa abincin da aka noma a nan, za a kuma ci shi a nan, sai ya bi ta hannu biyar?

Shawarata ita ce makaranta ta buɗe ƙofa ga iyayen da suke so su biya wani kashi na kuɗin makaranta da hatsi, ko wake, ko gyaɗa, ko man gyaɗa. A sa farashi ya ɗan fi wanda ɗan sari yake bayarwa a ranar kasuwa mafi kusa. Uba ya tsira daga kuɗin mota da ladan dillali, ya sami ƙari a kai. Makaranta kuma ta sami abinci a farashin kaka. Riba ta rabu tsakanin gida da makaranta, ɗalibi kuwa shi ne ɗan gidajen biyu.

Wani zai ce, ina za a ajiye, ƙwari ba za su cinye ba? Akwai buhunan ajiya masu riɓi uku da jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da su, aka soma yaɗa su a Afirka ta Yamma tun 2007, ana kiransu PICS. Leda biyu ne masu kauri a ciki da buhu a waje. In an ɗaure kowanne da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su mutu ba tare da an zuba magani ba. Sharaɗin shi ne hatsin ya bushe sarai. Gwajinsa ma ba wuya. A zuba busasshen gishiri da ɗan hatsi a busasshiyar kwalba, a rufe a girgiza, a bar shi ya ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin yana da sauran laima, a mayar da shi rana. Wannan ba abin wasa ba ne, gama masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta.

Haka kuma malamai da ma'aikatan asibiti da sauran masu albashi a ikilisiya. Kowane wata suna sayen ƙwai da kayan miya da hatsi a kasuwa, alhali kuwa wadda take zaune kusa da su a sujada tana da kaji da lambu, tana rasa mai saye. In malami ya daidaita da gwauruwar nan cewa kowace Asabar za ta kawo masa ƙwai da alayyafo, ya san abin da yake ci, ita kuma ta san abin da za ta samu, har ta iya shirin ƙara kaji. Zuwa da kai ya fi saƙo.

NA UKU: MUSAYA

Musaya tsohuwar sana'a ce a ƙasashenmu. Ayarin raƙuma sun daɗe suna kai gero Bilma a cikin hamadar Nijar su dawo da gishiri da dabino. A Jihar Kuros Riba akwai kasuwar Esuk Mba wadda aka san ta da cinikin kaya da kaya ran Asabar, mai kifi ya ba mai rogo. A nan gida kuma tsofaffinmu suna tuna lokacin da makiyayi zai sauka a gonar manomi bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, matan ruga su kawo nono su karɓi hatsi. Gayya ma musaya ce, yau a yi huɗa a gonarka, gobe a tawa.

Amfanin musaya shi ne tana ba mutum daraja ko ba shi da kuɗi. Tsohuwar da ta kawo daddawa gidanmu ba bara ta zo yi ba, ciniki ta zo yi, ta koma da mutuncinta. Saurayin da ba shi da jari yana da ƙarfi, zai iya yi wa mai shanun huɗa noma kwana biyu a yi masa huɗar gonarsa. Mai kaji yana da taki, mai masara yana da dusa. Mai tsohon irin dawa da ke jure fari zai iya musanya shi da irin wake mai saurin nuna, ta haka irin kakanninmu ba zai ɓace ba. Wannan yana da muhimmanci, domin irin masarar da aka yi wa aure a kamfani ba ya ba da amfani iri ɗaya in an sake shuka 'ya'yansa, dole a saya kowace shekara.

Amma musaya tana da iyaka, ba zan ɓoye ba. Ba a biyan kuɗin jarrabawar WAEC da doya. Ba a sayen magani da akuya. Wani lokaci mai ƙwai yana son gishiri, mai gishiri kuwa ba ya son ƙwai. Kuɗi yana da aikinsa. Musaya tana rage yawan abin da sai da kuɗi, domin ɗan kuɗin da ke hannu ya tafi inda ba makawa.

Babban haɗarinta kuwa shi ne rigima. Mudun wani bubbugagge ne, wani ya zuba tsakuwa a ƙasan buhu, wani ya karɓa ya ce sai gobe, goben ba ta zuwa. Cinikin baƙo in ya lalace an rabu ke nan, amma na ɗan'uwa yakan bi mutane har cikin majami'a. Saboda haka dole a yi ƙa'ida tun da fari. Mudu ɗaya da sikeli ɗaya ga kowa. Littafi ɗaya da za a rubuta kowane alkawari da ranar cikawa. Mutum uku masu sa ido, ɗaya daga ofishin ma'ajin makaranta, ɗaya daga ƙungiyar iyaye da malamai, ɗaya daga zumuntar mata, gama su ne suka san hatsi mai kyau da gani. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

AMSA GA MASU SHAKKA

Na tattauna wannan magana da waɗansu abokan aiki da dattawa, ga abin da suka ce.

Wani ya ce makaranta tana bukatar tsabar kuɗi domin albashi da littattafai. Gaskiya ne. Shi ya sa na ce wani kashi. A lissafta abin da madafa take ci a shekara, a karɓi daidai wannan, in ya cika a rufe. Kuɗin da dā ma za a kashe a kan abinci ne ake magana a kai, albashin kowa ba zai taɓu ba. A fara da iyayen da suka fi bukata.

Wani dattijo ya tuna mini yadda Ubangijinmu ya kori masu saye da sayarwa daga Haikali. Na yarda da shi sarai, kada a kafa kasuwa a ɗakin sujada, kada a yi ta ran Lahadi. Filin ƙwallon makaranta yana nan, safiyar Asabar tana nan. Kuma kada mu sa mata shinge. Maƙwabtanmu Musulmi da makiyaya su zo da nasu kayan. Na san raunukan da rikice-rikice suka bari a tsakaninmu ba ƙanana ba ne, akwai iyalai a cikinmu da har yanzu suke makoki. Amma mutanen da suke auna wa juna hatsi da nono kowane mako sun fi wuyar zugawa a kan juna fiye da waɗanda ba sa haɗuwa sai a wurin 'yan sanda.

Wani ya ce rashin tsaro ya hana mutane zuwa gonakinsu na nesa. Wannan ciwo ne da takin rami ba zai warkar ba, hakkin hukuma ne, kuma ba za mu gaji da faɗa mata ba. Amma shi ne ma dalilin da ya sa ɗan filin da ke kusa da gida ya zama abin tattali. In gonar da ta rage maka ƙarama ce, ba ka da halin barinta ta mutu.

Wata uwa kuma ta ce mini, Malam, na sa ɗana a makaranta domin ya huta da fartanya, kai kuma kana so ka mayar da shi. Na ji zafin maganarta, domin na san abin da ta sha. Amma laifin wa ne da yaranmu suke ƙin noma? Mu malamai muna da namu kason. Yaro ya makara, a ce ya tafi gona. Ya yi surutu a aji, a miƙa masa lauje. Shekara shida muna koya masa cewa fartanya bulala ce, sa'an nan mu yi mamaki in ya gudu birni ya zauna ba aiki. A cikin Littafi Mai Tsarki, aikin da aka fara danƙa wa mutum shi ne kula da gona, tun kafin ya yi zunubi. Yusufu ya ceci Masar da gidan mahaifinsa ta wurin ajiyar hatsi a shekarun ƙoshi. Manzo Bulus, da dukan iliminsa, yana ɗinkin alfarwa da hannunsa. Likita ko lauyan da ya iya ciyar da gidansa daga bayan ɗakinsa bai ragu da kome ba.

ROƘONA

Ga hukumar makaranta, ina roƙo da ladabi a daina ba da aikin gona a matsayin horo. A raba gonar makaranta gida-gida, kowane gida da kunyoyinsa da littafin lissafinsa, madafa ta sayi abin da suka noma, ribar ta shiga asusun gidan. A ranar rabon kyaututtuka a kira gwanin noma kamar yadda ake kiran gwanin lissafi. A kuma gwada karɓar hatsi a zango ɗaya kawai, a kawo rahoto gaban iyaye. In bai yi ba, a bari.

Ga ikilisiya, bukin godiyar girbi yana nuna mana kowace shekara irin albarkar da ke hannun jama'armu. Kada abin ya tsaya a rana ɗaya. Matasa su zagaya su rubuta wa yake noma me, wa yake kiwon me, wa yake neman me, a manna a allon sanarwa. A kuma keɓe ɗan rumbu domin gwauraye da marayu, a cika shi da kaka, a buɗe shi a watan Yuli da Agusta sa'ad da yunwa take shiga gidaje.

Ga 'yan aji shida da za su bar mu, ku tafi jami'a, ku yi karatu iyakar ƙoƙarinku, muna yi muku addu'a. Amma akwai watanni tsakanin jarrabawa da samun gurbi, kuma damina ce. Ka roƙi mahaifinka kunya ashirin. Ki roƙi mahaifiyarki kaza biyu. Ku rubuta abin da kuka kashe da abin da kuka samu, ku gwada abin da kuka koya a aji. Ilimin da kuka samu a nan iyayenku sun biya shi da hatsin rumbunsu, ya kamata gonar ta ga amfaninsa.

Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa mudunmu ya zama na gaskiya. Amin.